Kifi na ganinka, mai jar koma

Jirginmu mun sayar da shi a damunar 2024, kwanaki kaɗan bayan labari ya iso mana cewa garin Sinja, a nan Sudan, ya faɗa hannun dakarun RSF a yaƙin da ake yi. Ni da ƙanena muka haɗa kuɗi aka yi mana shi shekara tara kafin nan, da katakon bagaruwa, wadda Larabawan nan ke ce wa sunut. Wanda ya saya fito yake yi, yana tsallakar da masu gudu zuwa gaɓar gabas, kuma a wannan makon jirgi ya fi gona daraja. Duk da haka tayin wulaƙanci ya yi mana, mu kuma muka sallama, don kuɗin ya isa motar da za ta kai Inna da mata da yara Gadarif. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da zan faɗa ya zaci na zauna ne na auna jirgi da gaɓa na zaɓi gaɓa. Ban zaɓa ba. Da muka dawo gida a farkon 2025, ba jirgi, ba ragar kalli, ba mamari mai jerin ƙugiyoyi, albashin koyarwa kuwa a bar kaza cikin gashinta. Abin da na tarar a ɗakin ajiya gwangwanin madara ne guda mai naɗe da zare, da ƙugiyoyi bakwai da tsatsa ta fara ci.

Ga 'yan'uwa na Najeriya da Nijar da ba su san wurin ba: ƙauyenmu yana kudu da Sannar, ba nisa da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Kakanmu ba cikin wannan ayarin ya zo ba. Daga ƙasar Kabi ya taso daga baya da niyyar aikin hajji, ya iso bakin wannan ruwa guzuri ya ƙare, ya ga kifi, ya ce bari ya ɗan yi su ya tara na gaba. Yana nan kwance a maƙabartar ƙauyen. Ruwan Shuɗin Nilu ne, mu dai bahar muke cewa. Tun da Turawan Ingila suka gama madatsar Sannar a 1925 don ban ruwan audugar Jazira, abin da ke bayanta ya zama rabin shekara kogi, rabin shekara tafki. Da damuna a buɗe ƙofofi ruwan Habasha ya wuce da lakarsa kamar kunu, in ya lafa a rufe a tara, da rani a yi ta zuƙarsa ana aikawa gonaki. An gina shi ya ɗauki ruwa kubik mita miliyan 930, laka ta cinye fiye da rabi.

Ruwa ne da ya sha hannu tun kafin yaƙi. Kowane ƙauye da jiragensa, kowane jirgi da kallinsa, idon kalli kuma sai ƙara tsukewa yake shekara bayan shekara. Ina yaro, mahaifina kan tura yatsu huɗu a idon raga, in ba su shiga ba ya ce wannan ta ɓarayi ce. Yanzu mai yatsa biyu ma ana ganin ya yi adalci, ga kuma masu jan gidan sauro a bakin gaɓa suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai tsinken ashana biyu ba. Da yaƙi ya koro mutane daga Hartum da Madani, wanda bai taɓa riƙe filafili ba ya zama masunci. Ban ga laifinsu ba, ciki ba ya jiran a yi sulhu. Amma bahar ɗin dai guda ne.

A gidan masunta irin namu, fatsa ta yara ce da tsofaffin da ƙarfi ya ƙare musu. Magidanci mai 'ya'ya shida ya ɗauki gwangwani da zare ya nufi bakin ruwa, daidai yake da a ga mai garken shanu yana kiwon kaji. Makon farko da duhu nake fita da duhu nake dawowa, saboda idon mutane. Mashiga nake zuwa, inda ake ɗaure jirage, don nan na sani. In laƙa tana, in ɗaura darma mai nauyi, in wulwula in cilla iya ƙarfina can tsakiya. Hankalina har lokacin a cikin jirgi yake. A ganina kifi yana can nesa, gaɓa kuwa wurin tsayawa ce kawai kafin a je inda yake. Kwana tara ina haka, abin da na kai gida kurungu ne ƙanana masu ƙaya da gurnani, sai wata minjirya da ta ba ni wuta har gwiwar hannu. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai riƙa ƙara wa miya kuɓewa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, ya haura saba'in. Ya bar shiga jirgi tun da bayansa ya ƙi, bai kuma gudu ba lokacin da muka gudu, ya ce duk mai nemansa ya same shi a kan buzunsa. Kullum yana kawo kifin miya, wata rana har da na sayarwa, ba kuma wanda ya taɓa damuwa ya tambayi yadda yake yi. A rana ta goma ya same ni a mashiga, ya dogara sandarsa yana kallon jifata.

"Ustazu," haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "wa kake jifa a tsakiyar bahar? Ko wanda ya sayi jirginku ka hango?"

Na ce, "Baffa, ai kifin can yake."

"Can raga take. Kifin can an cinye shi tun bara. Naɗe zarenka ka biyo ni. Ka fara biyawa gida ka tuɓe farar jallabiyar nan, ka tsaya fes kamar balbela, har kifin madatsar Rusairis can nesa ya gan ka."

Tafiyar kusan rabin awa muka yi ta bayan lambunan ayaba da mangwaro, zuwa wata gaɓa da ruwa ya zaizaye, inda tsofaffin bagaruwa suka zube ciki da saiwoyinsu. Na san wurin sarai, sai dai daga cikin jirgi na san shi, a matsayin inda ake kauce wa. Ka shimfiɗa kalli a nan ka yi asarar kuɗin wata guda a dare ɗaya. Shekara tara ina wuce shi ina tsaki, ban taɓa kawowa a raina ba cewa duk jirgin da ya kauce masa ajiya ya yi wa mai tafiya a ƙasa.

Saura taku goma mu kai bakin ruwa ya sa sanda ya tare ni. Ya duba inda rana take, ya zagaya da mu yadda inuwarmu za ta faɗa baya. Ya tuɓe takalmi. Na ɗauka camfi ne irin na tsofaffi, sai daga baya na tuna abin da ni da bakina nake faɗa wa yara a aji: kifi yana da wani layi a gefen jikinsa tun daga kai har wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa, takun mutum a kan busasshiyar gaɓa kuma yana riga mutumin isa. Na san wannan a allo, ƙafata ce ba ta sani ba.

Zarensa rabin kaurin nawa ne. Ƙugiya ƙarama, ba darma ko ɗaya, sai ɗan guntun kara da ke yawo a sama. Tanar ma a lambun da ke bayanmu ya tono ta, ya ce kifin wuri abincin wurin ya sani. Bai cilla gaba ba, gefe ya jefa, a tsawon gaɓar, ƙugiyar ta sauka kamu biyu daga wata saiwa ba tare da ta yi ƙara ba. Sannan ya zauna kamar an dasa shi. Ni da na saba da hayaniyar jirgi, da zagin wasa, da rediyo, zaman nan ya fi mini jan taru wuya. Kafin azahar ya ɗaga karfasa huɗu, kowace ta fi tafin hannuna biyu, irin waɗanda na daina gani a raga tun da daɗewa. Duka a ƙarƙashin ƙafarmu suke.

Lokacin fita ma juya mini shi ya yi. Masu jirgi da la'asar sakaliya suke shimfiɗa raga, da asuba su ɗaga, wasu suna dukan ruwa da sanda don su koro kifi. Waɗannan lokutan na gada, ban san wasu ba. Baffa kuwa sai hantsi ya dubi ludayi, jirage sun koma mashiga, mutane sun tafi kasuwa, ruwa ya yi tsit, sannan yake fita. Ya ce a ruwan da ba a dama ba kifi da asuba yake kiwo, namu kuwa ya koyi cin abinci lokacin da abokin gabansa ke shan shayi. In iska ta taso, gaɓar da take bugawa yake nema, don can take tara ƙwari da dattin ruwa, ƙananan kifi su biyo, manya su biyo ƙanana. Farkon damuna shinge yake tarawa a kwano, tarwaɗa kuwa hanjin kaza ne da ya kwana. Ba ya zama wuri ɗaya kwana biyu a jere, ko da jiya ya cika kwando a nan. Wurarensa biyar ne yake zagayawa kamar mai mata. Huɗu ya nuna mini.

Kalmar da ba ta barin bakinsa ita ce kifin yanzu ya yi karatu. Da can in ya faɗa dariya muke yi, mu ce tsoho ya rasa jirgi yana ba kifi ilimi.

Ana nan sai ɗan yayata da ke aikin gyaran waya a Riyad ya ji labarin kawunsa ya koma fatsa. Ya fara turo mini bidiyo ta WhatsApp, a saukar da guda ɗaya sai an hau tudun bayan makaranta. "Kawu, dubi yadda ake su a Amurka." Wani kifi ne da suke kira bas, mai ƙaton baki, kore-kore. Ba mu da shi a Nilu. Asalinsa Amurka ta Arewa ne, daga can aka kai shi Japan da Afirka ta Kudu da tafkin Naibasha na Kenya. Ba dangin giwan ruwa ba ne, amma halinsu ya zo ɗaya: ya laɓe a gindin kututture ko ciyawa, ɗan kifi ya gifta, ya buɗe baki ya zuƙe shi gaba ɗaya. Girmansa kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Wanda ya kafa tarihi kilo 10 ne da 'yan kai, an kama shi a jihar Jojiya a 1932, sai a 2009 wani ɗan Japan ya kamo irinsa a tafkin Biwa. A kan wannan kifin mutane ke sayen jirgin da ya haura dala dubu hamsin, da inji kamar na mota, da tanar roba kala-kala, da na'urar da ke aika amo cikin ruwa ta nuna musu kifi yana iyo a allo kamar talabijin. Wadda suke yawan ambata, LiveScope ta kamfanin Garmin, a 2018 ta fito. In sun kama su auna, su ɗauki hoto, su sumbaci kansa, su mayar da shi ruwa. Na nuna wa Inna wannan wurin sau uku, ta ce a yi musu addu'a.

Da ɗan Ingilishin da nake koyarwa na fara bin abin da suke faɗa, sai na ga kukanmu ɗaya. Su ma tafkunansu na kusa da birane sun sha hannu. Gasar kama wannan kifi ta bunƙasa tun ƙarshen shekarun 1960, tun farkon shekarun 1970 kuma suka ɗauki al'adar sakinsa da rai, don haka kifi guda kan ga ƙugiya sau da yawa a rayuwarsa. Abin da ya ba ni dariya, har na kusa faɗowa daga tudun, shi ne shawarar da talakawansu marasa jirgi ke ba juna: ka rage kaurin zare, ka rage girman abin da ka laƙa, ka tsaya nesa da baki, kada ka sa kaya masu haske, ka jefa a tsawon gaɓa, ka je lokacin da ba kowa, ka nemi lungun da jirgi ba ya shiga. Sai ka ce a kan buzun Baffa suka yi karatu.

Akwai kuma wani bincike da masana suka yi a jihar Ilinoi, a wani ƙaramin tafki mai suna Rij, aka buga sakamakonsa a 2009. Shekara huɗu duk kifin da aka kama sai a sa masa alama a rubuta a mayar. Akwai wanda aka kama sau 16 a shekara guda. Da suka zuƙe tafkin suka ƙirga, sun sami kifi sama da 1,700, kusan 200 daga ciki ba su taɓa cizon ƙugiya ba ko sau ɗaya. Sai suka ware masu haɗama gefe, masu taka-tsantsan gefe, kowane rukuni ya hayayyafa da junansa har zuriya uku, aikin da ya kai su wajen shekara ashirin. 'Ya'yan masu haɗama suka fito da haɗama, 'ya'yan masu gudun ƙugiya suka ƙara gudunta. Wato abin gado ne. In ana ta tsince masu saurin cizo daga ruwa, waɗanda za su rage su haihu su ne masu wuyar kamu.

Na je na sami Baffa yana shan jabana, gahawarmu ta nan, a rumfa, na kwashe labarin nan kaf na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe, ya kurɓa, ya ce, "Shekara nawa ka ce sun yi?"

"Wajen ashirin, Baffa."

"Allah Sarki. Da sun zo da sukari rabin kilo, da na faɗa musu kafin ruwa ya tafasa."

To amma a nan ni na ɗan rabu da shi, na kuma rabu da ɗan yayata da ke ganin matsalarmu da tasu duk ɗaya ce. Kifin Ba'amurke yana nan cikin ruwa, ƙoshi da wayo ne suka hana shi cizo. Ya ji ƙarfe a leɓe an sake shi, ya koma da darasi. Namu in ya ciji ƙugiya makarantarsa ta gaba tukunya ce. Raga kuma ba ta tambayar mai wayo da wawa, girma take tambaya: duk wanda ya isa ya maƙale ya tafi. Shi ya sa yanzu za ka ga karfasa ba ta wuce tsawon yatsa ba amma ga ta da ƙwai. Masu jan taru kuwa a kan gurbinta suke ja, a ruwa marar zurfi, su kwaso uwa da 'ya'yanta a baki, don a baki take renonsu. Ba'amurke yana kukan kifi ya ƙi ci, mu muna kukan babu shi, ɗan abin da ya rage kuma shi ne ya shige inda Baffa ke zama. Dabarar gaɓa tana aiki ne saboda mutum biyu ko uku ke yin ta. Ranar da ƙauye duka ya gane, wuraren nan huɗu ba za su kai mako ba. Har na yi shakkar rubuta wannan, sai na tuna mutanen ƙauyenmu ba sa karanta abin da nake rubutawa, ko matata.

Kada kuma wani ya ji daɗin labarin ya je ya sayar da jirginsa. A watan Mayu na ga iyakar gaɓa. Zafi ya haura 40, an zuƙe tafkin, ruwa ya ja baya ya bar taɓo na taku ɗari wanda in ka shiga sai an jawo ka da igiya. Kututturan nan da muke taƙama da su suka fito fili suna shan rana, ƙadangaru na hawa. Kifi ya gangara tsohon kwarin kogin, can tsakiya, inda zurfi da sanyi suke, inda jifar hannu ba ta kaiwa. Kwana goma sha ɗaya Baffa da kansa bai kawo abin kirki ba. Wani maƙwabcinmu da yaronsa ke fama da zazzaɓi ya ɗauke ni dare uku in kama masa aiki. Muka shimfiɗa mamari mai ƙugiya ɗari biyu a kan kwarin, muka zuba kalli don kawara da tsage, waɗanda mata ke saye su yi fasih da gishiri. Daren farko kaɗai ragon ruwan da muka ɗaga, bayad a bakin Larabawa, ya fi abin da na kama a gaɓa cikin mako biyu. Ƙamshin jiƙaƙƙen katako da sanyin asuba a tsakiyar bahar suka sa na ji hawaye, na ce hayaƙin taba ne.

Sai aka zo rabo. Kason jirgi, kason raga, kason dillalin da ya ba da bashin ragar tun bara, wanda kuma shi ke yanka farashi tunda ba ƙanƙara, kifi kuwa ba ya jiran ciniki a wannan zafi. Abin da ya iso hannuna ya fi na gaɓa, ba musu, amma bai fi shi da yadda ido ya gani a cikin jirgi ba. Mai gwangwani ba ya cika kwando, ba kuma wanda ke tsaye a mashiga yana jiransa da littafi. Gaɓa ma da nata harajin: sauro, ƙaya, tsargiya ga mai yawan tsayawa cikin ruwa marar gudu, da kada, wanda mai jirgi ke gani daga nesa, mai gaɓa kuwa sai dai ya ga sawunsa a inda ya zauna jiya.

Wani abu kuma ya sauya da ba mu gama gane kansa ba. Sama da mu akwai madatsar Rusairis ta 1966, wadda aka ƙara wa tsawon mita 10 aka gama a 2013. Sama da ita kuma ga babbar madatsar Habasha, da ta fara tara ruwa a 2020. Madatsa uku ke nan a kan ruwa ɗaya. Lakar da ta saba zuwa mana yanzu da yawanta can take kwanciya, ruwa yana isowa da haske fiye da yadda muka taso muka gani, cikowa da janyewarsa ma ba sa bin lissafin da tsofaffi suka haddace. A ruwa mai duhu kowane zare zare ne. A wannan kuwa, karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma, da muke yi wa wanda aka gano dabararsa, ta koma magana tsagwaronta ba kari.

Giwan ruwan kuwa a watan Nuwamba ya zo, bayan tafki ya sake cika, kututture sun koma ƙarƙashi. Kwana uku ina ganin ƙananan kifi na tsalle a gindin wata saiwa gab da magariba, irin tsallen da ba na wasa ba. Na faɗa wa Baffa, ya ce wannan karon a bar siririn zare, mai gidan ba ya duba zare in duhu ya fara, yana kuma da ƙarfin tsinka shi. Na kama 'yar karfasa mai rai, na soka mata ƙugiya a baya yadda za ta iya iyo, na sake ta a gefen saiwar. Ana kiran salla a ƙauye zaren ya ruga. Da hannu nake riƙe da shi, ba sanda ba komai, ya yanka mini yatsu biyu kafin in naɗe hannun da hulata. Ya yi tsalle sau ɗaya, baki buɗe, yana girgiza kai, sannan ya nutsa ya shige cikin saiwoyin ya tsaya cak.

A jirgi da sai in zagaya ta ɗaya gefen in jawo shi ta inda ya shiga. A gaɓa ba inda za ka. Na fara ja da ƙarfi, Baffa ya buge mini hannu da sanda.

"Sassauta masa. Ka ja, saiwa ce za ta ci zaren. Bar shi ya zaci ka tafi."

Na saki zaren ya yi laushi. Muka yi magariba a nan kan gaɓa, ɗaya bayan ɗaya, gwangwanin na ƙarƙashin ƙafar wanda ba ya salla. Sauro ya yi mana rubdugu. Sai wajen lisha na ji zaren ya motsa a hankali, ya fito da kansa ta inda ya shiga, ya nufi fili. Daga nan bai fi minti goma ba. Da na haska tocila idonsa ya ƙyalla kamar na mage. Washegari a sikelin mahauci ya ba da kilo 11.

Na aika wa ɗan yayata hoton, na ce ya shaida wa Amurkawansa kawunsa ya wuce tarihinsu da gwangwanin madara. Baffa bai bar ni na ji daɗin ba. Larabawa ijil suke ce wa giwan ruwa, wato maraƙi, sai ya duba shi sama da ƙasa ya ce wannan ko yaye shi ba a yi ba. Gaskiyarsa, a tafkin Nasir na Masar an kama mai kilo 104 da ƙugiya a 2000, kakanmu kuma yakan ba su Baffa labarin waɗanda ake fitarwa a Argungu sai ƙarti biyu sun ɗauka. Ban sayar ba. An raba gida bakwai, Inna ta ce a ajiye mata kan.

Yanzu ƙanena ya matsa mu sake yin jirgi. Ya je ya ji farashi wurin masassaƙi, ya dawo ya zauna shiru na ɗan lokaci kafin ya iya faɗa. Na ce masa in an sayar da riɗi zan ba da rabina, don watan Mayu na nan tafe kuma na san abin da ke cikinsa. Baffa ya ji maganar bai tanka ba. Da zan tashi na sake tambayarsa wuri na biyar, karo na nawa ban sani ba. Ya ce mai shirin yin jirgi ba a nuna masa, ya miƙo mini kwano in je lambu in tono tana kafin rana ta yi.